Jakar da Ke Bayan Ƙofa

A shagon wanki da guga da ke ƙasan bene kusa da tashar mota, akwai wata mata da ta fi kowa iya ninke kaya. Guga kam kowa na yi, amma ninki nata ne. In mutum zai yi tafiya, sai ya kinkimo kayansa da akwatinsa ya dire mata. Za ta dubi tulin kayan, ta dubi akwatin, ta ɗan taɓe baki, kafin ya gama amsa waya ta shigar da komai, har da wurin takalmi. Masu kaya sukan ce baiwa ce. Ita dai sai ta yi murmushi ta ci gaba da yayyafa ruwa a wuyan riga. Koya ta yi, kuma ba a shagon nan ta koya ba.

Tana ƙarama ƙwarai mahaifiyarta ta rasu, daga nan aka shiga yawo da ita gidajen dangi. Goggo ta riƙe ta har ƙarfinta ya gaza. Kawu ya karɓa, matarsa ta haihu, ɗaki ya yi kaɗan. Wata Inna ta ɗauka, sai aka yi wa mijinta canjin wurin aiki. Ba wanda ya doke ta, ba wanda ya hana ta abinci, ko yau ka tambaye ta za ta ce mutanen kirki ne. Sai dai kowane zama da magana ɗaya yake ƙarewa, da safe, tana cikin shara ko wanke-wanke: "Tattara kayanki." A gidan Kawu mota ta iso ba ta gama tattarawa ba, ta bar 'yar tsanarta a ƙarƙashin gado. Tun daga ranar ba ta ƙara fitar da kayanta daga jaka ba.

Haka ta girma, mai fara'a ga na nesa, mai ƙaya ga na kusa. Abokiyar aikinta ta taɓa kawo mata tsarabar turare, ta ce ta ɗauke ta kamar ƙanwa. Washegari ta nemi matar da faɗa a kan sabulu. A ganinta gara ta kori mutum da kanta kafin shi ya gaji da ita.

Wani kafinta ne kawai korar ba ta kama ba. An kira shi ya gyara ƙafar teburin guga, ya gyara, sai ya yi ta dawowa duba ƙafar da babu abin da ya same ta. Ta yi masa fuska, ta yi masa gatse, ya ce shi da katako mai taurin kai ya saba. Da suka yi aure ya haɗa mata kabad da hannunsa, madubi a tsakiya, ɓangaren hagu nata. Ta yi godiya, kullum tana goge shi har yana ƙyalli, amma ko ɗankwali ba ta saka a ciki ba. Kayanta na cikin baƙar jaka a bayan ƙofar ɗaki. Ta ciro ta sa, ta wanke, ta ninke, ta mayar.

"Baƙuwa," haka yake kiranta, "yau ma dai ba za ki sauka ba?"

"Malam, ina ruwanka da jakata?"

Sai ya yi dariya ya tafi aiki. Yana jin ciwon abin, ita ma ta sani, amma kowa ya bar shi a wasa.

Allah ya ba su 'ya mace mai bakin tsiya, uban ya laƙaba mata Aku. Tun daga farkawa take zuba har barci ya ɗauke ta a tsakiyar labari. Uwar tana sonta son da har tsoro yake ba ta, shi ya sa ta fi nuna shi ta wajen guge mata kayan makaranta da gyara mata kitso. Runguma ce dai ba ta iya ba.

Wata Asabar da rana ta kawo aiki gida, farar rigar wani mai kaya. Aku ta zo da gudu da kofin lemo za ta ba da labari, ta yi tuntuɓe, lemo ya wanke gaban rigar. Uwar ta daka mata tsawa, sannan ta yi abin da ta saba yi in ranta ya ɓaci: ta ɗauke wuta, ta juya baya, ta tafi famfo da rigar. Sai da tabon ya fita ta lura gidan ya yi tsit.

A bayan ƙofa ta sami Aku, zaune kusa da baƙar jakar. Ta sa takalmi, ta goya jakar makaranta da ta cika fam, 'yar tsana a hannu.

"Umma, na shirya. Gidan wa za a kai ni?"

"Wa ya ce za a kai ki wani wuri?"

"Ke kika ce jakarki ta ranar da aka gaji da ke ce."

Ta faɗa kuwa, da daɗewa, cikin raha, da yarinyar ta ishe ta da tambaya. Ta durƙusa ta zuge jakar makarantar. Kayan a ninke suke irin ninkinta sak, hannun riga a ciki, an naɗe ƙasa tamau, wando a gefe. Ba ta taɓa zama ta koya mata ba. Ta zauna a ƙasa. A haka Kafinta ya shigo da garin katako a gashinsa ya tarar da su, ranar bai yi wasa ba.

Shi ya samo labarin wata likita a asibiti wadda aikinta sauraron masu irin wannan ciwon. Ta je tana ƙunƙuni, wai ita lafiyarta ƙalau. Likitar ta ce abin sananne ne: yaron da aka yi ta rabawa da masu riƙonsa yakan girma yana jiran kora, ko da ba mai korarsa. Sannan ta tambaye ta, "Ranar da mahaifiyarki ta rasu, a jikin wa kika yi kuka?" Ta yi ta tunani ba ta samo kowa ba. Abin da ta tuna kawai, an ce ta yi shiru kada ta tayar wa manya hankali, ta kuwa yi.

Abin bai zo da sauri ba. Da ta ji ta fara sabawa da likitar sai ta daina zuwa, ta ce matar ta cika tambaya. Ranar zuwa dai Kafinta yakan goge babur ya tsaya a ƙofar gida. Ta gaji da ganinsa a tsaye ta hau. A hankali ta koyi cewa da Aku, "Raina ya ɓaci, amma ba inda za ki." Ta koyi riƙe ta a jiki, da farko a sandare, har yarinyar ta ce, "Umma, ke ba ki iya ba, haka ake yi."

Wata safiya, ba shiri ba sanarwa, ta jawo baƙar jakar tsakiyar ɗaki. Ta ja ƙofar hagu ta kabad, ƙofa ta ƙi. Shekarun da ta yi a rufe katakon ya kumbura. Kafinta ya ɗauko kayan aiki yana mita, wai an zubar masa da mutunci a gidansa, ya kankare gefen ƙofar har ta buɗe.

Ta yi ta cirowa Aku tana ratayewa. A can ƙasa akwai zanen mahaifiyarta, wanda ba ta taɓa warwarewa ba tun tana yarinya. Ta warware shi. Ya koɗe, layin ninkin ya yi fari. Ta kifa fuska a kai ta yi kukan da aka hana ta, mai ƙarfi, har maƙwabciya ta leƙo. Aku ta rungume kanta tana bubbuga mata baya. Da ta samu sauƙi ta jona dutsen guga ta bi zanen, ta yayyafa ruwa ta sake bi, layin ya ƙi fita. Ta rataye shi a haka.

Jakar ta kife a gefe, ba komai a ciki. Kafinta ya daɗe yana kallonta, ya share ido da bayan hannu.

"To ni yanzu da wane suna zan riƙa kiran ki?"

Ta rufe ƙofar kabad ɗin, ta sake buɗewa don ta ji ko ta daina cijewa.

"Nemo wani," ta ce. "Kada ka yi gaggawa, ina nan."