Injin Ban Ruwan Baffa

Shekarar da na dawo Karaye daga jami'a ba aikin yi, Baffa, ƙanen mahaifina, yana noman albasa a Ruwan Bago, ciwon gwiwa kuma ya sa shi gaba. Na ce zan hutar da shi zirga-zirga. Na haɗa wa injin ban ruwansa mai sola wata 'yar kwamfuta da na'urar da ake cusawa a ƙasa ta ji laima. Umarnin da na rubuta gajere ne: ƙasa ta bushe, kunna, ta jiƙa, kashe.

Abu ya yi ta tafiya har ranar da gafiya ta gwaguye wayar na'urar. Manhajar ta nemi jin laima, ta ji shiru, sai ta tsaya cak ba ta kai layin kashe injin ba. Ruwa ya yi ta kwarara tun hantsi har la'asar. Da na iso a babur, na tarar da Baffa tsaye cikin taɓo, albasar gefen gabas duk ta nutse. Bai yi faɗa ba. Sai da ya tambaye ni lafiyar mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, sannan ya nuna min ɓarnar.

A gindin mangwaro na zauna na gyara. Na sa karanta laimar cikin sashen da ake kira try, wato gwada. Ƙarƙashinsa catch, mai cafke kuskure, ya turo min saƙo a waya. Sai finally, wanda ke aiki ko an yi kuskure ko ba a yi ba. Nan na sa kashe injin.

Lambun bai sake nutsewa ba. Amma saƙo ya hana ni sakat. Yau rana ta gasa akwatin kwamfutar, gobe tururuwa sun shige shi, jibi akuya ta taka waya. Duk sanda aka samu matsala sai injin ya mutu, albasa ta zauna da ƙishi har sai na zo. Na san kowane rami a hanyar nan, bayana ma ya san su.

Bayan an cire albasa, Baffa ya ce, "Ɗana, ka yi ƙoƙari, Allah ya yi albarka. Amma ka mayar min da makunnina na da."

Na ce to, Baffa. Na kwance akwatin, na ɗaure a bayan babur tare da albasar da ya ba ni in kai wa Inna. Ko da na isa gida bayana ya riƙe, ban iya sauke kayan ba, sai washegari.