Sauti Biyar a Gindin Ɗorawa

A unguwar Makera, a shekarun nan da ake bin layi kafin a sayi madara da sabulu, ba sai an nuna maka gidan ma'aikacin masaƙa ba. Rediyonsa za ka fara ji tun daga bakin titi. In ka shiga ka tarar yana hira da matarsa, sai ka rantse faɗa suke yi. Gidanmu na cikin irin waɗannan gidajen. Maigidana ya yi shekara goma sha ɗaya a ɗakin saƙa, inda injuna ke ruri har ma'aikata suka saba karanta leɓen juna. Ana ba su auduga su toshe kunne, shi kuwa ya ce ƙaiƙayi take sa masa, sai ya riƙa kawo mini ita gida ina wanke wa yara ciwo da ita.

Kunnensa yana mutuwa, kowa a gidan ya sani. Har autarmu ta koyi zagayowa ta gabansa kafin ta roƙi alewa. Shi kaɗai ne bai yarda ba. In na kira shi sau uku bai amsa ba, sai ya ce tunani yake yi. A coci ya koma bencin gaba, wai don ya zama misali ga matasa. Ni kuwa tsoro nake ji, don na ga yadda wani dattijo maƙwabcinmu ya ƙare bayan ya bar masaƙa, yana zaune a ƙofar gida yana yi wa kowace magana murmushi, ko da labarin rasuwa aka kawo masa. Sai dai ni tsorona ba da kuka yake fita ba, da masifa yake fita.

Kuma ba abin da nake yi wa masifa kamar farautarsa. Duk Asabar ɗin da ba shi da aiki, gari na wayewa zai ɗauko bindigarsa ƙirar gida, wadda ya gada wurin ƙanen mahaifinsa, ya naɗe ta da buhu, ya ɗaure a jikin keke. Karensa, wani ja mai yankakken kunne, ya bi shi a guje. Can bayan Unguwar Boro suke zuwa, lokacin gidaje ba su cinye wurin ba, gonakin Gwari ne da daji. Sai la'asar su dawo, shi da ƙaya a wando, karen da harshe a waje.

Da can yakan kawo wani abu. Makwarwa biyu, ko zomo, ran da aka yi sa'a zabon daji. Ba wani naman kirki ba ne, mu bakwai ne a gidan, amma miya takan san an yi farauta. Nakan ce masa, "Baban yara, wannan makwarwar da kanta ta mutu ko tausayinka ta ji?" Ya yi dariya ya ce in dai dafa.

Sai ga shi wata shekara, tun daga bayan Kirsimeti har aka shiga bazara, ba ya kawo komai. Ko gafiya. Asabar ta zo ya fita, la'asar ya dawo da buhu a naɗe. Na duba gorar albarushinsa na ga yadda ya tafi da ita haka ya dawo da ita, ko harbi ɗaya bai yi ba. Abin ya ci mini rai. Ga rufin kicin yana jiran gyara kafin ruwa ya sauka, ga 'yan zumuntar maza na coci suna tambayata ina ya shige, shi kuwa yana can yana yawo da kare. Wata Asabar na tare shi a ƙofa na zazzage masa duk abin da ke cikina. Ya tsaya yana kallon bakina har na gama, ban san nawa ya ji a ciki ba. Ya jingine keke ya shiga wanka.

Daren Juma'ar da ta biyo, muna cin tuwo, ya ce, "Maman yara, gobe ki shirya ki raka ni."

Na ce, "Ina?"

"Daji."

Na ajiye lomar da ke hannuna. A garinsu mace ba ta bin maharbi, ko bindigar ba a so ta tsallake. Shi da kansa ya sha faɗa mini haka. Na ce masa ko so yake a yi da ni a zumuntar mata. Ya ce ba wanda zai sani, in ɗauki igiya kamar mai zuwa itace. Yadda ya faɗa, idonsa a kan kwano, shi ya hana ni ƙara magana. Na bar wa babbar 'yarmu gida, da safe na ɗaura zani a kan tsohon siket na hau bayan keke.

Mun yi tafiya mai nisa. Da muka wuce gidajen ƙarshe na Unguwar Boro ya ajiye keken a wata bukkar gona, muka taka da ƙafa. Ni ina jira in ga an fara sanɗa da leƙe-leƙe kamar yadda nake zaton maharba na yi. Sai kawai ya kai mu gindin wata babbar ɗorawa, ya share wuri da ƙafa, ya zauna ya jingina bindiga. Karen ma ya kwanta, da gani ya saba. Ƙasar wurin har ta yi sumul saboda zama.

Na ce, "Au, nan ne ofishin naka?"

Ya jawo hannuna na zauna a gefensa. Sannan ya faɗa mini abin da bai taɓa faɗa ba a shekara goma sha huɗu da aurenmu. Ya ce mahaifinsa, can a garinsu bayan Kachiya, ya koya masa cewa maharbi ba ya shiga daji da ƙafa, sai ya fara zama ya saurara. Sai ya ji sauti biyar daban-daban, ya kira sunan kowanne a ransa, sannan ya ɗura bindiga ya tashi. Wanda ya tashi bai cika biyar ba, in ji tsohon, wata rana zai harbi mutum yana zaton dabba ce.

"Da na fara zuwa nan," in ji shi, "kafin in gyara zama na cika goma. Shi ya sa nake zuwa. Kwana shida injin na cikin kaina, in na zo nan sai ya fita. Bara ina samun biyar da ƙyar. Tun Kirsimeti ban wuce biyu ba. Sai in zauna har rana ta juya, in tashi in tafi gida."

Na ce, "Wata uku kana zaune a gindin bishiya? Wa zai gan ka in ka tashi da biyu?"

Ya ce, "Ni zan gani."

Na buɗe baki zan yi abin da na saba, sai ya ɗaga hannu. Ya ce yana ta gaya wa kansa dajin ne ya canza. Ana ta sare itatuwa, ana ta yanka filaye, wataƙila tsuntsayen sun gudu. Shi ya sa ya kawo ni. "Ki saurara, Maman yara. Ki faɗa mini gaskiya. Dajin ne ya yi shiru?"

Na yi shiru na saurara, kuma wallahi da ma ban iya ji ba. Wurin cike yake da ƙara. A saman kanmu ƙudan zuma sun taru a furen ɗorawa suna ta guna. Kurciya na kuka a reshen da bai fi taku goma ba daga inda muke. Can gefen rafi wata mata na sara da gatari. Shi kuwa yana zaune a tsakiyar wannan duka, ya karkata kai, ya zuba wa bakina ido.

Na so in yi masa ƙarya. Kalma ɗaya ce, in ce shiru ne, ya koma gida da ransa fari. Na san kuma in na faɗa zai yarda, don abin da ya zo nema ke nan. Amma mutumin da ya yi wata uku a gindin bishiya don kada ya yi wa kansa ha'inci, ban ga ta inda zan fara yi masa ba. Na juyo da fuskata sosai yadda zai ga leɓena.

Na ce, "Baban yara, dajin na nan lafiya lau."

Ya gyaɗa kai a hankali. Ya ɗauki wani tsinke yana karyawa ƙanana-ƙanana. Na kau da kai na ba shi wuri, don bai taɓa son a gan shi a haka ba. Tausayinsa ya kama ni har na ji haushin kaina, na tuna duk ranar da na yi masa tsawa don bai amsa kira ba. Karen yana ta kallonmu.

Can ya ce, "Me da me kika ji?"

Na ɗora hannu a gwiwarsa. Na ce zuma, na nuna sama, na danna yatsa ɗaya. Ya ɗaga kai ya gan su. Na ce kurciya, na danna na biyu. Gatari, na uku. Muka jira. Wata saniya ta yi kuka daga nesa, na danna na huɗu. Na biyar ɗin ya ƙi zuwa, har na fara tunanin ko in haɗa da cikina da ke kukan yunwa. Sai ga makwarwa ta ɓarke da ƙara daga cikin ciyawa ta hannun hagu, karen ya miƙe zumbur. Na danna babban yatsa da ƙarfi na nuna wajen.

Ya ce, "Tsoho dai bai ce dole da kunnen wa ba."

Na ce, "Da ya ce ma, ai ba ya nan."

Ya yi dariya, ta farko a ranar. Ya zuba albarushi, ya tura tsumma, ya danna da sandar ƙarfe. Ya ce in tsaya a bayansa. Muka taka kaɗan, karen ya kutsa ciyawa, makwarwa ta tashi fir. Bindigar ta tashi da wata irin ƙara da ban taɓa ji ba, hayaƙi ya turnuƙe, na ƙwala ihu na durƙushe na kama kai. Makwarwar kuwa ta yi tafiyarta, ko gashi ɗaya ba ta bari ba.

Ya juyo fuskarsa duk baƙin hayaƙi, ya ce, "Wannan kam na ji shi."

Bai sake ɗurawa ba. Muka ci dafaffen rogon da na ƙunso, na tsinci itace kaɗan don kada in shiga unguwa da igiya wofi, muka koma inda keke yake. A hanya ya ce ranar Litinin zai sa audugar, ko da ta makara. Na ce ta makara ko ba ta makara ba, in na sake ganinta a gida sai na cusa masa da kaina.

Ina zaune a baya, itace a cinyata, bayansa ya jiƙe da gumi yana ta taka keke a hawan nan na kafin a shiga gari. Ni ba mai daɗin baki ba ce, a gidanmu ba a koya mana ba. Amma ranar na dubi ƙeyarsa na fara magana, da muryar da ake magana da ita a gidajen da ba na masaƙa ba. Na ce masa ban taɓa da-na-sanin aurensa ba. Na ce in ya kurmance gaba ɗaya ba zan bar shi a ƙofar gida yana yi wa mutane murmushi ba, ni zan zauna a gabansa in maimaita masa komai har ya gaji da ni. Na ce ya yafe mini tsawar da na yi ta yi masa. Na faɗi wasu ma da ba zan rubuta a nan ba.

Wataƙila motsin bakina ya ji a bayansa. Ya ɗan waiwayo ya ce, "Kin yi magana?"

Na matsa kusa da kunnensa na ɗaga murya. "Na ce ka kula da rami!"

Ya ce ya gani.