Galmar Maharazu

Ni na yi wa Maharazu kiɗan gangar noma tun yana saurayi, don haka in na ce yara ne suka kashe masa rawa, na san abin da nake faɗi.

Mutumin Bugaje ne, ɗan hoto, irin masu jefa galma sama su cafe ta ana kiɗa. Tasa takan wuce kan darbejiya, ya juya, ya dafa ƙasa, sannan ya miƙa hannu ta faɗo ciki. Wurin mahaifinsa ya gaji jifan, kuma burinsa ɗaya ne, kada ya mutu bai bar wa kowa ba.

Shekarar da aka fito da naira, manyan motoci suka fara layi a bakin iyaka, direbobi na zaman jiran kwastan da 'yan duwan, wato kwastan na Nijar. Sai muka koma wasa a can duk ran kasuwa. Direbobi ba ruwansu, a kan motocinsu suke kallo. Yara ne jaraba. Ka shata musu iyaka da ƙafa, kafin ka rataya ganga sun tsallake, kowa da 'yar galmarsa ta kara. Uban ɓarnar wani Rabe ne mai tallan gyaɗa, kullum yana gindin ƙafar Maharazu kamar ɗan akuya.

Na ce masa, "Ka ɗauko tsumagiya mana."

Ya ce, "Kalilu, ɗiyan mutane na. In na zane su, wa za shi koya? In kau ƙarhen ga ya sauka bisa kan wani, mi za ni ce ma uwatai?"

Maimakon ya kore su, sai ya rage jifa. Daga kan darbejiya ya dawo tsayin mota, daga nan ya dawo saitin hularsa. Baƙin direbobi da suka ji labarinsa tun daga Maraɗi sukan ce, "Au, wanga shi ne Maharazun?" Ni ke jin kunyar, shi ko a jikinsa. Wai yaran suna koyo.

Kafin a koma mulkin farar hula gwiwa ta zaunar da shi. Aka yi wani biki a Magama, na kai shi a keke don ya ga yaran nan nasa na bakin iyaka, da yanzu suka tasa, suna rawar hoto da galmar gaske. Na saki kiɗa. Taku daidai, juyi daidai, amma ba galmar da ta wuce hula. Maharazu ya dafa sanda ya miƙe, yana nuna musu sama, yana cewa su kai ta can.

Rabe ya bar fili, ya zo ya durƙusa gabansa cikin ladabi.

"Yi haƙuri, Baba, ba mu son mu ɓata maka rawa. Hakanan munka ga kana yi."

Maharazu ya koma ya zauna. Haushi ya hana ni ƙarasa kiɗan.