Sarkin da Ya Yanke Harshen Tsohuwa

Shekarar da ruwan dam ya cinye fadamarmu a ƙasar Maradun, mun koma zama gidan kakata, Inna Hure, a Bakura. Bayan sallar isha'i takan hura wuta a tsakar gida, mu kewaye ta, tana gasa mana dankali tana tatsuniya.

Wata rana aka shigo da Kawu Sani a kan amalanke. Ya bi manoma sun tare hanya suna neman haƙƙin gonakinsu, aka buɗe musu wuta, harsashi ya farfasa masa cinya. Inna ta dafa ruwa tana gasa raunin, yana cizon zane. Mun ɗauka yau babu labari.

"Ku matso," ta ce. "Wagga ba ta dariya ba ce."

A wani gari, in ji ta, duk sarkin da aka naɗa, wata tsohuwa ke tsayawa ta faɗa masa iyakarsa: ba ya ƙwace gona, ba ya kisa sai alƙali ya yanke hukunci. Sai aka yi wani sarki mai zafin kai. Tsohuwa na cikin magana ya sa aka danne ta aka yanke mata harshe. Ya ƙwace fadamu. Wanda ya yi gardama a yanka shi a kan kunyar gonarsa, har kuraye suka daina tsoron rana. Daga baya dogaransa suka yi kwaɗayin dawakinsa, suka rutsa shi a barga da takubba. Ya ce a kai shi gaban alƙali.

"Wane alƙali?" Inna ta matse tsumma, ruwan ya yi ja. "Shi da kainai yak kashe shi bara. Nan sunka sassare sarkin."

Na girma ina fataucin injinan ban ruwa, har ƙasar Sin. Wata rana tafintana ya rage murya ya koya mini wata kalma tasu, shiyanjang. Rabinta doka, ya ce, rabinta mulki. Ba rubuta tsarin mulki take nufi ba. Nufinta mai iko ya kasance yana da inda za a ce masa tsaya, kuma ya tsaya.

A lokacin da aka harbi Kawu ma muna da tsarin mulki a rubuce, sabo fil. Ya rayu yana jan ƙafa har ya rasu, kuma ba a taɓa kiransa wani zaure an tambaye shi wa ya harbe shi ba.