Tayoyin Halilu da Gwiwar Inna Kulu

Shekara goma sha ɗaya ina faci a bakin tashar Kaura Namoda, ban taɓa ganin wanda taya ta hana wa sukuni kamar Halilu mai maganin dabbobi ba. Mutum ne mai natsuwa, zai kalli saniya sau ɗaya ya faɗi ciwonta, amma a ajiye masa taya biyu a ce ya zaɓa, sai ka rantse gado aka ba shi ya raba.

Motarsa tsohuwar jif ce mai ja da ƙafa huɗu, kuma ita ce komai nasa. Da safe ta kai 'yarsa makaranta, ta wuce da shi shago. Ranar kasuwa ta kwashi katan-katan na magani zuwa Shinkafi ko Zurmi, duk a kan kwalta. Sau ɗaya tak a wata take sauka daji, ta bi rairayin da ke bayan Dauran ta ɗauko mahaifiyarsa, Inna Kulu, zuwa asibiti a Kaura, saboda hawan jini da ciwon gwiwa.

Halilu ɗan fari ne, Inna Kulu kuwa tsohuwa ce ta da can. Tun da aka yaye shi aka miƙa wa kakarsa, ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta haɗa ido da shi, balle jikinta ya taɓa nasa. In tana da magana sai ta juya wajen ƙanwarsa Asiya, wadda ke aure a ƙauyen, ta ce, "Ki ce ma wancan." Ko da wancan ɗin yana durƙushe a gabanta. Shekara arba'in da shida haka suke, shi ma bai san wata hanyar ba.

Wata rana da bazara motar ta kafe a rairayi da tsohuwar a ciki. Awa uku suna haƙa cikin rana, ga shi hanyoyin nan ba a son mota ta tsaya a daji. Inna Kulu kuwa carbi kawai take ja. Wannan ne ya fi ci wa Halilu rai. Washegari ya fara yawon neman shawara.

An ce shawara ɗaukar ɗaki, to shi ɗakin ne ya faɗo masa a ka. Sirajo mai sayar da taya ya ce manya masu faɗi, masu zane kamar na tarakta. Bawa makanike ya ce faɗi banza ne, tsawo ake nema. Direbobin tasha suka ce duk wanda ya canza girman da mota ta zo da shi ya sayi wahala da kuɗinsa. Ni da ya tambaye ni na ce ya bar tayoyinsa, in ya zo rairayi ya rage musu iska kawai. Ya kalle ni kamar na ce ya yi wa akuya allurar raƙumi. Ya rubuta lambobi a bayan kwalin magani, uku-uku da karan tsaye a tsakani, kullum ya zo ya zauna a bencina yana karanta su.

"To wanga ɗari biyu da tamanin da biyar, tsawo na ko hwaɗi?"

"Hwaɗi na," na ce.

"Jiya Bawa ya ce min tsawo na."

"To tahi Bawa shi yi maka faci."

Daga ƙarshe ya sayi manyan. Ni na ɗaura su ina tsaki. Motar ta yi kyau, ban musa ba, amma a kwalta ta koma kuka kamar injin niƙa, mai kuwa sai ka ce zubar da shi take yi. In ya karya kwana taya ta goge bodi. Bawa ya ce ai da sauƙi, ya ƙara wa sifirin ƙarƙashin motar ganyen ƙarfe, motar ta ɗaga sama kusan taƙi guda. Halilu ya shiga rairayin Dauran ya fita ko gezau, ya kira ni a waya yana dariya.

Sai dai ranar bai dawo da kowa ba. Inna Kulu ta fito da sandarta, ta tsaya ta dubi motar, ta juya. "Ki ce ma wancan yau ba ni jin tahiya." Wata na biyu ma haka. Halilu ya ruɗe. Ya yi zaton kukan tayoyin ne, ya yi zaton tana ganin almubazzaranci ya yi, har ya fara tunanin ko matarsa ce ta yi wani laifin. Ya zo ya zauna, ko kwalin lambobin bai fito da shi ba.

"Mi niy yi ma Inna?" ya ce. Tausayinsa ya kama ni, don ban taɓa jin muryarsa haka ba.

A wata na uku wani ɗan kabu-kabu ya ba shi labari a kasuwar Zurmi, ba da wata manufa ba, cewa shi ya kai Inna Kulu asibiti a bayan babur, ta kwana biyu ba ta iya miƙewa. Halilu ya tsare Asiya sai da ta faɗa. Ƙafar Inna ba ta kaiwa ga matakin motar. Tun zuwan farko, yana can yana gaisawa da mutane, sun gwada da kujera 'yar tsugunne, ta nutse a rairayi, saura kaɗan tsohuwar ta kife. Asiya ga ciki wata bakwai, ba ta iya ɗaga ta. Kuma Inna ta ce kada a kuskura a gaya wa wancan.

Ya yanke shawarar mayar wa Sirajo tayoyin, amma ranar asibiti ta riga ta zo. Sai ya ƙirƙiro dabara: in bi shi da famfona, a ƙofar gida mu sace iskar duka huɗun motar ta durƙusa, in Inna ta hau mu sake hurawa. Na ce wannan hauka ne, na kuma ɗauko famfon.

Muka sace iska har tayoyin suka baje. Inna Kulu ta fito, ta ɗaga ƙafa, saura yatsa uku. Ta sake, gwiwar ta ƙi. Mata sun leƙo ta kan danga. Halilu yana tsaye a gefe, kansa a ƙasa, bai san ya matso ko ya ja baya ba. Asiya ta buɗe baki za ta yi magana, tsohuwar ta riga ta.

"Kai," ta ce, ba ta dube shi ba. "Matso."

Ya waiga bayansa yana neman wanda ake kira. Na ture shi da gwiwar hannu. Ya zo ya durƙusa a jikin ƙofa, ta miƙa wa Asiya sanda, ta dafa kafaɗarsa da hannu biyu, ta saki duk nauyinta a kai, ta hau. Ta zauna ta gyara mayafi kamar ba a yi komai ba. Ni na hura tayoyin nan huɗu ni kaɗai, don Halilu ya zagaya bayan mota ya daɗe bai fito ba.

Bayan kwana uku Sirajo ya aiko cewa ƙananan tayoyin suna nan, a zo a yi musanya. Halilu ya zo bencina ya zauna, ya jira har na gama facin wani babur.

"In na sauke motar, gwiwar Inna ta huta," ya ce. "Kuma in na sauke ta, ba ta ƙara cewa in matso. Kai da kas san taya, wace zan sa?"

Na ce masa wannan ba aikin mai faci ba ne.