Kwalin Jirgi da Takin Akuya

Ban taɓa shiga jirgin sama ba, ko ƙofar filin jirgi ban taɓa takawa ba. Amma na ci abincin cikinsa, kuma a abincin nan na ga abin da maigidana ya ƙi gani.

Aikinsa sharar cikin jirgi ne a Katsina. In fasinjoji sun sauka, su shiga su kwashe shara, su goge kujeru kafin wasu su hau. Can yake kwana a ɗakin haya, sai Juma'a ya biyo motar Daura ya zo mana. Mu muna ƙauye a kan hanyar Baure, ni da yarinyarmu da jinjirin da nake goyo, da Inna mahaifiyarsa. Yaya, wato wansa, yana sashen gaba da iyalinsa.

Tsarabarsa kullum ɗaya ce, kwalin abincin da fasinja ya bari bai buɗe ba. Irin wannan akan bar wa masu shara. Da farko kwali ne babba, da burodi mai nama a ciki, da kek, da lemo, da alawa, har da wata 'yar takarda mai ƙamshi ta goge hannu. In mun cinye, yarinyar ta ɗauke kwalin ta jera a bayan tukunyar ruwa, wai kayan ɗakin 'yar tsanarta ne. Ba mai taɓa mata su.

Wata Juma'a ya zo da labarin cewa sabon kamfani ya shigo Katsina. Yana faɗa yana dariya, kamar mai ba da labarin dambe.

"Sun karya kuɗin kujera, namu ma suka karya. Suka ƙara karyawa, muka bi su. Za mu ga mai gajiya."

Na ce, "To Malam, man jirgin ne ya yi araha?"

"Ina! Kullum hawa yake."

Ni awara nake soyawa. Akwai shekarar da wata maƙwabciya ta fara yi, tana yanka tata manya-manya don ta janye mini yara. Ni ma na ƙara girman tawa. Waken suya bai sauko ba, mai bai sauko ba. Sai na fara rage yaji, daga baya na daina sa albasa, har na koma suya da man da ya yi baƙi. Masu saye suna murna awara ta yi girma, ni kuwa na san tukunyata ce take ramewa.

Daga nan na sa ido a kan kwali. Alawa ce ta fara ɓacewa. Bayan wani lokaci burodin ya zo babu nama. Kwalin kansa ya ƙanƙance, takardarsa ta yi laushi, 'yar tsana ba ta iya zama a kai sai ya lotsa. Rigar aikinsa da a da ake canza musu ta koɗe a kafaɗa, ni nake ɗinke ta. Wata rana yana cin tuwo ya ce wai an ajiye jirginsu ɗaya a gefe an lulluɓe injinsa, ana cire kayansa ana gyara ɗayan. Ya faɗa ya wuce, ya nemi ƙarin miya. Ranar da ya miƙo mini 'yar leda da biskit da ruwan roba, ban iya ci ba.

Ni mai zullumi ce, ban musa ba. In jinjiri ya yi tari sau ɗaya, na riga na hango asibiti. Inna takan ce, "Ke 'yar nan, da damuwa tana ƙiba da ƙofar ɗakin nan ba ta ishe ki ba." Saboda haka ko na yi magana, an san abin da za a ce.

Ana cikin haka bazara ta shigo, Yaya ya nemi maigidana ya ba shi aron gonarsa ta gado, tunda shi yanzu ma'aikacin jirgi ne, ba shi da lokacin fartanya. Maigidana ba ya iya kallon idon wansa ya ce a'a. Ya ce, "Ba komai, Yaya."

A wajenmu wanda ya zuba taki a gona, noman shekarar nasa ne, ba mai ja da wannan. In shekara ta zagayo kuma ya ce bai gama cin takinsa ba, a ƙara masa wata. Na ga an yi wa mahaifina haka, har ya bar duniya ana ce masa baɗi. Gonar nan kuwa ita kaɗai ce abin da muke da shi wanda ba ya tashi sama.

Na same shi yana ɗaura takalmi zai koma Katsina. Na durƙusa na ce, "Malam, don Allah kada ka saki gonar nan bana. Kamfaninku ba shi da lafiya."

Ya dube ni ya yi murmushi. "Wa ya gaya miki?"

"Biskit."

Ya yi dariya har da tafa hannu. "Ke dai ki soya awararki. Kamfani mai jirage za ki auna da kasko?" Ya ɗauki jakarsa ya fita.

Na ji Yaya yana gaya wa matarsa cewa in ya dawo daga kasuwar Mai'aduwa zai sa a kai taki. Ranar kasuwar da sassafe ya kora tumakinsa ya tafi. Yana fita na aika aka kira mini mai amalanken shanu. Akuyoyina ne, tun aurena na zo da uwarsu, takinsu nawa ne. Tokar da na tara ta suyar awara tawa ce. Na ba mai amalanke ɗan akuya ɗaya ladansa, muka shiga loda.

Inna ta fito da carbi a hannu ta tsaya. "Ina za a da wannan?"

"Gonar ɗanki, Inna."

"Wane daga ciki?"

"Mai ita."

Ta daɗe tana kallona. Can ta ce, "Ni dai ban gani ba, ban ji ba." Ta koma ɗaki. Amma da na waiga, sai na ga ta turo kwandon kashin kajinta bakin ƙofa da ƙafa.

Na goya jinjiri na bi amalanke a ƙasa. Mata suna leƙowa ta kan danga, wata ta ce, "Matar ma'aikacin jirgi, yau jirgin shanu aka hau?" Na ce mata wannan ba ya soke tashi. Muka zuba tsibi-tsibi tun daga bakin hanya har gindin gawon da ke iyaka, yadda mai wucewa duk zai gani. Rana ta dake ni, ƙaiƙayi ya cika mini wuya, amma ban baro gonar ba sai da amalanke ya yi sawu na ƙarshe.

Da la'asar Yaya ya dawo, labari ya riga shi shiga gida. Bai zo wurina ba, ba a haka tsakanin wa da matar ƙane. A tsakar gida ya tsaya yana yi wa Inna magana da ƙarfi don in ji.

"Yanzu a gidan nan mace ce take raba gona? Wa ya ba ta izini?"

Na fito na durƙusa daga nesa, kaina a ƙasa. Na ce, "Inna, ki ba Yaya haƙuri. Ban raina shi ba. Amma taki ya riga ya zuba, kuma ba zan kwashe ba."

Ya ce a jira mijina.

Juma'a maigidana ya zo fuskarsa a murtuke, ko yarinyar bai ɗauka ba. Ya ce na kunyata shi a gaban wansa, na mai da shi ƙaramin mutum. Na bar shi ya gama. Sannan na shiga bayan tukunyar ruwa na kwaso kayan ɗakin 'yar tsana, yarinyar tana kuka tana jan zanena. Na ajiye masa a kan tabarma, babban kwalin farko, da na bayansa, da mai laushin nan, da ledar biskit.

Na ce, "Kai ka kawo su da hannunka. In ka ce in tafi gidanmu zan tafi, amma gero za a shuka a gonar nan, kuma 'ya'yanka ne za su ci."

Ya ɗauki babban kwalin yana jujjuyawa. Bai ce na yi daidai ba, har yau bai faɗa ba. Ya dai tambaya ko akwai sauran iri a rumbu.

Kamfaninsu bai mutu ba, kada in yi musu ƙarya. Sun dai rage zuwa Katsina, jirgin da ke sauka kullum ya koma jefi-jefi, masu shara kuma aka ce su riƙa zuwa ranar da akwai jirgi kawai. Sabon kamfanin ma an ce yanzu ruwa kaɗai yake bayarwa. Wanda zai kayar da wani, ban sani ba. Sauran kwanakin maigidana a gona ya yi su da daminar nan, da tsohuwar rigar aikinsa a jikinsa.

Yaya har yanzu in na gaishe shi da ƙyar yake amsawa, matarsa ta daina aiko a saya mata awara. Abin yana damuna, ni da komai yake damu. Amma bana ma tun kafin zafi ya yi tsanani na fara tara toka a bayan ɗaki, kuma akuyoyin sun ƙaru.