Jikana da Man Giyar Motar Sista

Jikana mai aski ne, kuma ba zan ci haƙƙinsa ba, askin ya iya shi. Mutum zai shiga shagonsa da kai kamar tsintsiyar da ta gama aiki, ya fito har matarsa ta sake kallonsa. Da ya tsaya a kan kawunan mutane da ba ni da labarin ba ku. Amma shi tun yana rarrafe Allah ya ɗora masa son kwance abin da ke zaune lafiya.

Bari-in-gani muke kiransa, don maganar ke nan da ba ta barin bakinsa. Ka ce rediyonka yana shaƙewa, "Bari in gani." Ka ce famfo yana ɗiga, "Bari in gani." Fankar ɗakina ma ya gani, yanzu in ta juya sai ta riƙa sunkuyo mini da kai kamar mai neman aurena. Duk abin da ya haɗa sai noti biyu ko uku sun yi saura, ya jefa su cikin akwatinsa ya ce kamfani ne ya zuba su da yawa.

Akwatin nan na ƙarfe ne, cike da sifana da filaya da sukuddireba, kowanne yana da wurin kwanciyarsa. Ranar da suka tare a sabon gida, a cinya ya rungumo shi, jaririnsu kuwa ni aka miƙo wa.

Matarsa ma'aikaciyar jinya ce, Sista muke ce mata. Yarinya mai haƙuri, amma irin haƙurin da yake ƙirga laifi. Da ta sayi motarta, otomatik, wadda ba sai ka yi kokawa da giya ba, a gabana ta kafa masa doka.

"Ka wanke ta, ka tuƙa ta, ka ɗauki hoto a jikinta. Amma ran da sifanarka ta taɓa ta har ta kwanta, ranar za ka yi sallama da akwatin nan. Kaka, ke ce shaida."

Na ce na ji, kuma kunnena ɗaya ne ya mutu, ɗayan yana aiki.

Ana nan sai motar ta fara fizga in za ta canza giya. Bakanike ya ce man giya ne ya tsufa, a kawo ta a canza. Jikana ya ji wannan magana, ya kasa cin abinci. Wata Asabar da safe Sista ta tafi kasuwa da ƙafa, ta ce da rana za ta fita aiki da motar. Ko ƙurarta ba ta kwanta ba sai ga shi da galan ɗin sabon mai, da jak na ɗaga mota, da robar wankin Sista.

Ina zaune a tsakar gida ina tsefe kaina. Na ce, "Kai, wa ya aike ka?"

"Kaka, abu ne mai sauƙi. A zubar da tsoho, a zuba sabo."

"To ni za ka fara zubarwa ke nan."

Ya jingina wayarsa a jikin taya ya kunna bidiyon wani mai gyaran mota. Mutumin ya fara bayani, jikana ya sa yatsa ya ja shi gaba.

"Ba ka bari ya gama magana?"

"Farkon duk surutu ne, Kaka. Inda ake aiki nake nema."

Ya ɗaga motar, ya shige ƙarƙashi, ƙafafunsa kawai nake gani. Ya kwance notin ƙasa. Man kuwa bai san da zaman roba ba, a ƙirjinsa ya fara sauka, ya bi ta wuya ya shiga kunne, sannan ragowar ta tuna da robar. Wanda bai taɓa gani ba, man giya ja ne, in ya tsufa kuma sai ya koma kamar jinin da ya kwana.

Ya fito yana murmushi ya ce rabin aiki ya ƙare. Ya buɗe bonet da mazurari a hannu yana neman inda zai zuba sabo. Ya duba hagu, ya duba dama. Babu. Ashe irin motar nan ba ta da baki a sama, ƙofar zuba man wani noti ne a gefen giya, can ƙasa. Ya koma ya sa sifana. Noti ya ce ban san ka ba. Ya ƙara ƙarfi, ya yi nishi, ya buga da guduma, har kan notin ya goge ya zama sumul kamar kan kwastomansa.

Sai ya mayar da bidiyon farko. Abin da mutumin ya fara faɗa, tun kafin ya gama gaisuwa, shi ne: kada ka kuskura ka zubar da mai sai ka tabbata notin zubawa yana buɗuwa.

Na ce, "Surutu ne kawai."

"Kaka, don Allah."

Ya sake shigewa da fushi, ƙafarsa ta shuri robar. Jan man nan ya malalo daga ƙarƙashin mota ya bi ta ƙasan ƙofa har bakin titi. Daidai lokacin maƙwabciyarmu, wadda ba ta wuce ƙofa ba ta leƙa ba, ta leƙo. Ta ga ƙafafu biyu a miƙe, ta ga ja yana gudu.

"Wayyo jama'a! Mota ta danne mai aski!"

Kafin ka ce me, tela da mai shago da wani tsohon direba sun cika gidan. Suka kama ƙafafunsa suka jawo shi kamar tabarma, yana ihu yana cewa lafiyarsa ƙalau. Tela ya ce, "Kada ku saurare shi, ruɗewa ce." Mai shago ya kwara masa ruwa. Ni na san mai ne, amma ba wanda ya tambaye ni.

Cikin haka Sista ta shigo. Ta yar da kayan cefane, ta durƙusa, ta yage masa riga tana neman rauni. Ta shafa ƙirjinsa, ta kai hannun hanci. Sai ta miƙe a hankali.

"Wannan na motata ne?"

"Tsohon ne, ranki ya daɗe. Dama zubar da shi za a yi."

"Ina sabon?"

"Yana galan."

"Me yake yi a galan?"

Ya dube ni. Na ci gaba da tsifata.

Tsohon direban ya ce kada a tada motar ba mai, giyar za ta ƙone. Haka mutanen da suka zo ɗaukar gawa suka koma turin mota zuwa gareji. Jikana yana gaba yana riƙe da sitiyari ta taga, ja tun daga gashi har cibiya, masu wucewa suna yi masa sannu da arziki. Ni na shiga baya na zauna, don an daɗe ba a fita da ni ba. A gareji aka yi wa notin walda aka buɗe shi, aka zuba mai. Sista kuwa a tasi ta tafi aiki, a makare.

Da ta dawo ba ta ɗaga murya ba. Ta kulle akwatin, ta ɗauko shi da kanta, ta kawo ɗakina, ta tura ƙarƙashin gadona, ta ɗaura mini makullin a bakin zane. Ya roƙa a bar masa ko filaya ɗaya. Ta ce almakashin aski ya ishe shi.

Tun ranar, safe da yamma yana ɗakina. Ya tambayi gwiwata, ya tambayi bayana, ya zauna a bakin gado yana ɗan taɓa akwatin da diddige. Sista ta ce in motar ta shekara lafiya za ta sake duba maganar. Ni dai ina roƙon Allah ta manta, don duk cikin jikokina ban taɓa samun mai zumunci kamar wannan ba.